A bari mai saye ya ga kayan tukuna

Masu sayar da kaya a WhatsApp da TikTok sun tsiro da wata ɗabi'a da ke ci min tuwo a ƙwarya: kowane hoto sai an liƙa masa "a yi maza a kira" ko "a turo kuɗi kafin ya ƙare". Mace za ta jera atamfa ashirin a sitatus ɗinta, ƙarƙashin kowacce umarni iri ɗaya, amma ba ta faɗi ko turmi ne ko rabi ba, farashi kuwa sai ka bi ta ka tambaya.

A ganina daga rediyo aka gaji wannan, kuma a can da dalili. Mai sauraron Freedom Radio yana tuƙi ko yana kan keken ɗinki, in lambar waya ta wuce ta wuce ke nan, dole mai talla ya maimaita ta sau uku. A waya kuwa lambar tana nan. Sitatus sai ya yi awa 24 kafin ya ɓace, mai so zai dawo ya duba. To ihun na mene ne?

Je ka Kantin Kwari ka ga wanda ya san sana'arsa. Zai warware shaddar, ya miƙo maka bakinta ka murza, ya fito da ita haske ka ga ainihin launinta, ya gaya maka wannan tana zuba, waccan ba ta zuba. Sai ya ga idonka ya tsaya a kan ɗaya sannan ya ce, "Alhaji, taya mana." Sau ɗaya yake faɗa, a daidai lokacin da zuciyarka ta riga ta karkata.

Haka nake so in ga ana yi a waya. A nuna kaya huɗu ko biyar da bayani na gaskiya, a kusanto da kyamara mu ga zaren, sannan kira ɗaya ya biyo baya a cike: ga farashi, ga yadda za a biya, ga kuɗin mota in Kaduna za a kai. Akwai kuma masu yin bidiyon minti uku ba su faɗi inda shagonsu yake ba, su ma sun yi asarar datarsu.

Wanda ya fi damuna shi ne "saura guda uku". Jiya uku, yau uku, ranar Juma'a ma uku. Ranar da kayan suka kusa ƙarewa da gaske, masu bibiyar mai kayan sun daɗe da daina karanta abin da take rubutawa a ƙarƙashin hoto.