Ɗan Lifida a Wasan Na'ura: Kaya Sun Fito, Mai Kaya Fa?

Masu sha'awar tarihin Japan sun daɗe suna sa wa wasannin na'ura mai ƙwaƙwalwa ido. Da wasan Ghost of Tsushima ya fito a 2020, sun lura cewa labarinsa na harin Mongol ne na 1274, amma da yawa daga kayan yaƙin samurai da ke cikinsa na ƙarnonin da suka biyo baya ne. Sulken zamanin harin babba ne mai siffar akwati, wanda aka ƙera domin maharbi a kan doki. Mai ƙirjin ƙarfe kuwa sai a ƙarni na 16 ya yaɗu, bayan shigar bindiga ƙasar a 1543. Irin waɗannan masu wasa kan sake zana kayan da kansu su saka a wasanni, suna dogaro da sulkunan da aka adana a gidajen tarihi da wuraren bauta.

Wannan awo ya dace a yi wa kayan Hausawa, domin a 2021 wasan Age of Empires III ya shigar da su cikin al'ummominsa, da Sarauniya Amina a matsayin jagora da wani barde mai suna Lifidi Knight. Zaɓen lifidi abin yabo ne. Tarihin Kano ya danganta shigowarsa, tare da kwalkwali da sulke, ga Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410. Bargo ne mai kauri da ake cusa wa auduga ko audugar rimi a ɗinke, ya lulluɓe doki da mahayi, ya tsare su daga kibiya mai dafi.

Sai dai sunan ya karkatar da ma'ana. Kalmar da aka liƙa masa laƙabin barde ne mai asali da gandu a Turai, alhali da yawa daga ƴan lifida bayin sarki ne ko barorinsa, doki da kaya duk na fada. Haka kuma a wasan, mai dukiya na iya cika fage da su, ga shi kuwa a zahiri ƴan kaɗan ne cikin runduna, saboda tsada da nauyi da zafi. Bature Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Bello tana yaƙar Gobirawa a 1826, ya bayyana yadda sai an taimaka wa ɗan lifida kafin ya hau, da yadda dokinsa ke tafiya a hankali.

Mutanen Sarkin Yamma da sauran gundumar Madarunfa suna da ta cewa a nan. Ƙasarsu tana tsakanin Katsina, wadda masu jihadi suka ci a 1807, da Maraɗi, inda Ɗan Kasawa ya kafa sarautar Katsinawa wajen 1819. Yaƙin da ya yi tashe a wannan yanki har zamanin Ɗan Baskore na hari ne: a faɗa da sauri, a koma da sauri, da dawakai marasa nauyi da ƴan baka. Yaron da ya san kakanninsa ta allon wasa kaɗai zai ɗauka kowane mayaƙi ɗan lifida ne.

Mai gyaran sulken samurai yana da madogara a rubuce. Mai son gyara lifidi kuwa, abin da ya fi samu hotunan hawan salla ne, waɗanda kayansu na ado ne. Saboda haka aikin yana kan malamai da ƙungiyoyin raya al'adu: su je wurin dukawa da maɗinka da dattawan fada, su rubuta sunan kowane ɓangare, su auna nauyinsa, su bambanta na yaƙi da na biki. Idan ba a yi ba, zanen baƙo ne zai zama hujja a aji.