Gaba kura, baya sayaki: sharhi kan takardar Calcagni

A lissafi, akan auna saurin canjin abu sau ɗaya ko sau biyu. Tun 1695 Leibniz ya taɓo tambayar: to sau rabi fa? Irin wannan ma'auni na gutsure ba ya duban wuri ɗaya kawai. Yana jin abin da ke nesa, kamar yadda farashin shinkafa a kasuwar Kalgo ke motsawa idan Kano ta motsa.

A 2021 Gianluca Calcagni, masanin fiziks a Madrid, ya saka shi cikin ka'idar filin kwantum, da fatan taka wa lambobin da ke hauhawa ba iyaka birki. Su ne suka daɗe suna hana a haɗa ƙarfin jan nauyi da kwantum.

Abin yabo, bai ɓoye cikas ba. In ka ɗaga gutsuren don lissafi ya natsu, sai "fatalwa" ta shigo, wato ƙwayar da ke sa yiwuwar faruwar abu ta faɗi ƙasa da sifili. In ka sauke shi, matsalar farko ta dawo. A 2022 shi da Lesław Rachwał suka kawo dabarar raba ma'aunin kashi-kashi don a tsira daga duka biyun.

Inda nake da ja: da hannu ake zaɓar gutsuren, kuma ba gwajin da ya nuna shi. Don haka ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, kafin ka liƙa gutsure a aikinka, tambayi kanka: wane gwaji ne zai iya ƙaryata ni?