Rigunan Green Bay Packers a Bayan Gilashi

A shagunan kayan wasanni na Amurka, da gidajen cin abinci, da falukan magoya baya, akwai wani irin hoto da ya zama ruwan dare. Dogon firam ne mai gilashi, a ciki an jera zanen riguna daga hagu zuwa dama, kowace da wandonta da hular kwanonta, a ƙarƙashinta kuma an rubuta shekarar da aka sa ta. Babu fuskar kowa, babu ƙwallo, babu fili. Kayan wasan kulob ɗaya ne na gasar NFL, wato ƙwallon Amurka da ake runguma a hannu ana gudu ana bangaje juna, tun daga kafuwar kulob ɗin zuwa zamanin nan. Kamfanin Maple Leaf Productions na birnin Toronto a Kanada yana cikin waɗanda suka yi suna a wannan sana'a, inda masu zane suka riƙa fitar da rigunan da fentin ruwa ɗaya bayan ɗaya, aka buga su ana sayarwa.

Wannan al'ada ta cancanci yabo. Tana koyar da tarihi ba tare da doguwar lacca ba, kuma yaron da bai iya karatu sosai ba zai iya tsayawa gabanta ya ga yadda abu ya taso. Sai dai darajar firam ɗin tana rataye ne a kan gaskiyar abin da ke ciki, kuma yadda kuloblika ke ta fito da sababbin riguna a 'yan shekarun nan yana neman rage masa armashi. Kulob ɗin Green Bay Packers na jihar Wisconsin shi ya fi dacewa a auna wannan magana da shi.

Wanda ya san Packers da kore da ruwan ɗorawa zai yi mamakin rigunan farko na jerin, domin shuɗi ne mai duhu. A 1919 Curly Lambeau da George Calhoun suka kafa kulob ɗin, kamfanin sarrafa nama na Indian Packing, inda Lambeau yake aiki, shi ya ɗauki nauyin rigunan, daga nan kuma sunan kulob ɗin ya samo asali. Shekara guda kafin haka Lambeau ya buga wa Jami'ar Notre Dame ƙarƙashin koci Knute Rockne, kuma shuɗi da ruwan zinare su ne launukan wannan jami'a. Rigar 1929 tana da wata da'ira mai ruwan zinare a ƙirji, da ƙaramar lamba a tsakiya. Da ita Packers suka ci kofinsu na farko, suka sake ci a 1930 da 1931. A ƙarshen shekarun 1930 sai ga riga shuɗiya mai kafaɗu ruwan zinare, irin wadda Don Hutson mai lamba 14 ya yi ta cafe ƙwallo da ita har aka daina ba kowa lambar.

Daga nan jerin ya shiga ruɗani. Kore ya leƙo a tsakiyar shekarun 1930, ya dawo da ƙarfi a 1950 lokacin koci Gene Ronzani, shuɗi ya sake kunno kai bayansa. Ruɗanin launi ya zo daidai da ruɗanin fili: a kakar 1958 wasa ɗaya tak kulob ɗin ya ci, ya sha kashi goma, ya yi kunnen doki ɗaya.

Sai koci Vince Lombardi ya zo a 1959. Ya tsayar da riga koriya mai duhu, wando da hular kwano ruwan ɗorawa, da ratsi a hannun riga. A 1961 aka ɗora harafin G a gefen hular, aikin mai kula da kayan kulob Gerald Braisher tare da wani ɗalibin zane na Kwalejin St. Norbert. A cikin shekaru bakwai, daga 1961 zuwa 1967, Packers suka ci kofi biyar, har da Super Bowl na farko da na biyu, wato wasan ƙarshe na fitar da zakaran kaka. Da wannan riga Bart Starr mai lamba 15 ya kutsa ya ci Dallas Cowboys ranar 31 ga Disamba 1967, cikin sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas. Tun daga lokacin, rabin firam ɗin na dama kusan riga ɗaya ce ake maimaitawa. Sai mai lura zai ga hannun riga yana gajarta, ratsin yana raguwa, yadin yana ƙara manne wa jiki.

A nan daɗin abin yake. Kamar jerin hotunan sarakuna a zauren fada ne, inda mai kallo yake ganin kama da bambanci a lokaci guda, ya san gida ɗaya ne yake ta miƙa sanda. Kakan da ya kalli Starr, da ɗan da ya kalli Brett Favre da Reggie White, da jikan da ya tashi a zamanin Aaron Rodgers, duk suna iya nuna riga kusan iri ɗaya su ce tasu ce. A farkon shekarun 1990 babban manajan kulob Ron Wolf ya yi niyyar sauya ruwan ɗorawa zuwa zinare mai ƙyalli, daga baya ya janye. A 2012, da kamfanin Nike ya karɓi ɗinkin rigunan gasar daga Reebok, Packers suna cikin 'yan kaɗan da suka ƙi sabon yankan, suka ce a bar musu irin nasu.

Akwai dalilin da ya sa mutanen Green Bay suke riƙe da kayansu haka. Gari ne mai mutane ɗan sama da 100,000, amma filinsa na Lambeau yana ɗaukar fiye da 81,000. Packers ne kaɗai kulob a NFL da jama'a ke da shi, ba attajirai ba. An sayar wa jama'a hannun jari a 1923, 1935, 1950, 1997, 2011 da 2021, kuma masu riƙe da shi sun haura rabin miliyan. Takardar jarin ba ta kawo riba ko sisi, ba a kuma sayar da ita a kasuwa. A 2021 dala 300 ake biya a karɓi guda. Abin da yawancin masu ita suke yi shi ne su sa ta a firam su rataye, sau da yawa kusa da hoton rigunan.

Jerin yana kuma nuna abin da ya wuce launi. Hular farko ta fata ce mai laushi, kuma sai a 1943 gasar ta tilasta sa hula. A 1948 ɗan wasan Los Angeles Rams Fred Gehrke, wanda ya karanci zane, ya zana ƙahon rago a hulunan kulob ɗinsu, daga nan ado ya hau kan hula. Roba ta maye gurbin fata, ƙarfen kare fuska ya yaɗu a shekarun 1950, talabijin ta sa aka ƙara lambobi a hannu da kafaɗa don mai kallo a gida ya gane ɗan wasa. Rubuta suna a bayan riga kuwa gasar AFL, kishiyar NFL a lokacin, ce ta fara a 1960, ya game ko'ina bayan haɗewar gasannin biyu a 1970. Duk wannan yana cikin firam ɗin ga wanda aka nuna masa inda zai duba.

To, amma akwai wuraren da waɗannan hotuna suke gazawa, kuma bai kamata son kulob ya rufe wa mai saye ido ba.

Na farko, launukan shekarun farko ba a gan su da ido ba. Hotunan 1920 zuwa 1930 baƙi da fari ne, rigunan ulu da suka rage kuma ƙalilan ne. Mai zane yana dogara da bayanin tsofaffin jaridu da hasashe. Wannan ba laifi ba ne, amma idan aka zana rigar 1921 da tabbaci iri ɗaya da ta 2010, ba tare da ko layi ɗaya da ke cewa an sake gina ta ne daga bayanai ba, an ba mai kallo hasashe a matsayin shaida. Packers suna da masanin tarihi na kulob, Cliff Christl, wanda ya shafe shekaru yana warware labaran ƙanzon kurege da suka daɗe suna yawo game da kafuwar kulob ɗin. Irin wannan taka-tsantsan ya kamata masu buga firam su ara.

Na biyu, rigar da babu mutum a cikinta tana ɓoye wanda aka hana shi sa ta. Daga 1934 zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya a NFL, sai a 1946 Kenny Washington da Woody Strode suka shiga Rams. A Green Bay sai 1950 Bob Mann ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa Packers wasan gasa. Kyakkyawar rigar nan mai kafaɗu ruwan zinare ta zamanin wariya ce. Rigar Lombardi kuwa ita ce ta Willie Davis, Herb Adderley, Willie Wood da Dave Robinson, baƙaƙen fata huɗu da duk suka shiga zauren karrama gwarzayen wasan a garin Canton na jihar Ohio. Gajeren bayani a ƙarƙashin kowace riga zai iya ɗaukar wannan. Haka ma batun hula: a bayan gilashi tana ƙyalli kamar ta gama tsare kai, alhali Dakta Bennet Omalu, likita haifaffen Nijeriya, da ya binciki ƙwaƙwalwar marigayi Mike Webster na Pittsburgh Steelers, ya wallafa a 2005 cewa yawan bugun kai yana jawo cutar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE.

Na uku, akwai jarabar tsallake abin kunya. Denver Broncos sun fara wasa a 1960 da riga ruwan ƙasa da rawaya, da safa mai ratsi a tsaye wadda aka tsana har aka ƙona ta a bainar jama'a a 1962. Tampa Bay Buccaneers sun sha kashi a wasanninsu 26 na farko cikin riga ruwan goro, suka yar da ita a 1997, suka ci Super Bowl a Janairun 2003 da ja da ruwan toka. Kulob ɗin Washington ya ajiye sunansa da tambarinsa a 2020 bayan dogon ƙorafin 'yan asalin Amurka, ya koma Commanders a 2022. Firam ɗin da ya share waɗannan ya zama talla. Wanda ya bar su da shekarunsu da bayaninsu shi ya yi wa magoya baya adalci, domin waɗanda suka zauna cikin sanyi suna kallon kulob ɗinsu yana faɗuwa su ma suna da rabo a bangon.

Babbar barazanar dai daga kuloblikan da kansu take fitowa. Sun gano cewa kewar da can kasuwa ce. A 1994 NFL ta cika shekara 75, kowane kulob ya fito da rigar da. A kakar 2010 Packers suka dawo da rigar 1929 da hula ruwan ƙasa mai kwaikwayon fata, kuma a kakar suka ci Super Bowl. A 2013 gasar ta hana sauya hula a tsakiyar kaka saboda lafiyar kai, abin da ya taka wa yawancin rigunan da birki. Da aka ɗage dokar a 2022 sai ƙofa ta buɗe. Buccaneers suka dawo da ruwan goro a 2023, Tennessee Titans kuma suka sa shuɗiyar rigar Houston Oilers, tsohon sunan kulob ɗinsu, abin da ya ɓata ran mutanen Houston da kulob ɗin ya bari bayan kakar 1996. Packers ma sun fito da rigar shekarun 1950 a 2021, da farar hula a 2024, da rigar 1923 a 2025 mai hular roba da aka yi wa fenti ta yi kama da fata.

Dawo da tsohuwar riga sau ɗaya a shekara abu ne mai kyau, yana sa matasa su tambayi manya. Abin da ba shi da kyau shi ne riga wadda ba ta da jiya, an ƙirƙire ta ne kawai don a sayar. A Nuwamba 2015, ƙarƙashin shirin Color Rush, Buffalo Bills suka fito ja daga sama har ƙasa, New York Jets kuma kore, masu matsalar bambance ja da kore suka kasa gane wane ne wane a talabijin. A 2025 an sake ƙaddamar da wani sabon rukunin riguna mai suna Rivalries ga kuloblika takwas. Rigar Lombardi ta samu gurbinta a firam ne saboda an yi shekaru ana cin wasa ana faɗuwa a cikinta. Rigar da aka sa sau biyu aka ajiye ba ta tara komai da za a tuna ba, kuma idan aka cusa irinta goma a jerin, mai kallo zai daina ganin tafiyar kulob, ya koma ganin kundin kayan shago.

Saboda haka masu buga waɗannan hotuna suna da aikin zaɓe, ba na tarawa kawai ba. Ya kamata su ware rigunan da kulob ya yi rayuwa a ciki daga na biki, su sa na bikin a ƙaramin layi a ƙasa, su rubuta shekara da sakamakon kakar ko da mummuna ne, su kuma nuna inda launi hasashe ne. Mai saye shi ma ya duba kafin ya biya. A firam ɗin Packers, ya nemi shuɗin 1929, ya nemi riga daga shekarun 1950 da kulob ɗin yake ƙasan tebur, ya nemi wata daga tsakanin 1968 zuwa 1991, lokacin da sau biyu kacal suka kai wasannin fitar da gwani. Idan mai zane ya tsallake daga Lombardi kai tsaye zuwa Favre, ya yanke shekaru 24 daga tarihin kulob ɗin, kuma gara a bar masa kayansa a nemi na wani.