Dabba A Bakin Hukuma: Sharhi Kan Beyar Smokey

Sanin kowa ne cewa ba yau aka fara sa wa dabba maganar mutum a baki ba. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san Gizo da wayo, Kura da kwaɗayi, Dila kuwa malamin daji. Abin da ya zo da zamani shi ne hukumomi ma sun shiga wannan sana'a, suna ƙirƙiro dabba su aike ta ga jama'a da saƙo. Tun da yake tauraro ne aka gina, aka raɗa masa suna, aka yi masa sutura da kalami, to ya faɗo hurumin manazarta adabi, kuma muna da damar auna shi kamar yadda muke auna taurarin littattafanmu.

Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Smokey na ƙasar Amurka, wato beyar, dabbar nan mai gashi da ƙarfi ta ƙasashen sanyi. Yaƙi ne ya haife shi. A shekarar 1942 wani jirgin Japan mai nutso ya yi harbi a gaɓar Kalifoniya, ga shi majiya ƙarfi sun tafi fagen daga, sai aka shiga fargabar gobarar daji. Da fari kamfanin Disney ya ba da aron Bambi, ɗan barewar nan na majigi, na shekara guda. Da wa'adi ya cika sai Hukumar Gandun Daji ta samar da nata a watan Agusta na 1944. Albert Staehle ne ya fara zana shi, da wando da malafa, yana kwara ruwa kan wutar da aka bari. A 1947 aka ba shi kalaminsa, mai cewa kai kaɗai ne za ka iya hana gobarar daji.

Ta fuskar salo, dole mu yaba. Kalamin gajere ne, kuma bai ce "jama'a" ba, cewa ya yi "kai", ta yadda mai karatu ba shi da wurin ɓuya. Tauraron ba ya zagi, ba ya barazanar tara ko ɗauri. Sannan a 1950 aka tsinci wani ɗan beyar da wuta ta ƙona wa ƙafafu a jihar New Mexico, aka sa masa sunan, ya zauna a gidan namun daji na Washington har ya mutu a 1976. Ƙirƙirarren labari ya sami jini da tsoka ke nan. Wasiƙun yara suka yi ta kwarara har sai da aka ba shi lambar gidan waya tasa a 1964. Ganin haka aka yi masa ƙanne: mujiyar nan Woodsy a 1971, mai yaƙi da ƙazantar muhalli, da Forestín na ƙasar Chile a 1976.

Amma fa inda gizo ke saƙar shi ne jigo. Smokey tauraro ne mai magana ɗaya, kuma maganar rabin gaskiya ce. A duniyarsa wuta muguwa ce kurum. Alhali akwai itatuwa a can waɗanda ƙwansonsu ba ya buɗewa ya zubar da iri sai zafin wuta ya taɓa shi, kuma 'yan asalin ƙasar sun daɗe suna sa ƙananan wuta don share ƙasan daji. Tun 1935 hukumar ta kafa ƙa'idar a kashe kowace wuta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Ƙirare da busassun ganye suka yi ta taruwa shekara da shekaru a dazuzzuka da dama, ran da wuta ta kama sai ta gagari kowa. Ba Smokey ne ya kafa ƙa'idar ba, amma shi ya sa ta shiga zukata. Da gobarar 1988 ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na gandun Yellowstone, mutane da yawa sun ɗauka wurin ya mutu, sai ga tsiro ya rufe ƙasa cikin 'yan shekaru. Sai a 2001 aka gyara kalamin, ya koma nufin wutar da ta ƙwace, ban da wadda masana suka sa da gangan.

Rauni na biyu yana cikin "kai kaɗai" ɗin nan da muka yaba. Ya ɗora laifi kan mai ashana, ya bar manya. Gobarar da ta cinye garin Paradise a 2018, ta kashe mutum 85, daga wayoyin lantarkin wani kamfani ta tashi.

To, mene ne namu a ciki? Duk hunturu muna ganin ƙunar daji, kuma ba mamaki a nemi ɗayanmu ya rubuta wasan kwaikwayo ko littafin yara a kanta. Na farko, dabba tana zuwa da kayanta. Mujiya a wurin Bature alamar hikima ce, a wurinmu kuwa kukanta ma ba a son ji, don haka ba ta aikuwa. Gizo kuma wa zai yarda da wa'azinsa? Na biyu, tauraron da bai san dalilin manomi mai sharar gona ba, da na makiyayi mai neman sabon tsiro, da na maharbi mai bin gafiya, to maganarsa a banza za ta tafi. Dole kuma ya san wutar farkon kaka, sa'ad da ciyawa ke da sauran danshi, ba ɗaya take da ta tsakiyar rani ba.

Shawararmu ga 'yan uwa marubuta ita ce, a koyi gajarta magana daga Smokey, amma kada a gajarta gaskiya. Kafin a zaɓi dabbar da za a aika, a fara zama da waɗanda za a aike ta gare su.