Jinjina ga Makanikan da Ke Sauraron Injin

A garejin Birnin Kebbi, da zarar fitilar gargaɗi ta kama a gaban direban Corolla, sai a jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Tun 1996 aka wajabta irin wannan mahaɗa a motocin Amurka, kuma 'yan Kwatanon da ke cika hanyoyinmu sun zo da ita. Allo ya nuna P0011: lokacin buɗewar bawul ya wuce gaba.

A nan ake gane gwani. Mai gaggawa zai ce a sayi sabon kaya. Gwani kuwa sandar baƙin mai yake fara zarowa, ya murza man tsakanin yatsu, domin tsarin VVT-i na Toyota da ƙarfin matsin mai yake juya kamshaf. In man ya yi kauri da ƙurar hunturu, ko jabu aka zuba, 'yar rariyar da ke tace shi ta toshe, bawul ɗin da ke raba man ya cije. Sai ya kwance shi, ya wanke da fetur, ya ba shi wuta daga batir ya ji ko zai yi ƙas. Sarƙar taimin ba a taɓa ta sai an gama da waɗannan, don aikinta tsada gare shi.

"Alhaji, canza mai tukuna," yakan ce, alhali da ya so ya ci kuɗi, da ya ci.

Direbobin haya na hanyar Argungu, masu jigilar shinkafa da fasinja, sun san garejin da ake yin haka, can suke kai motocinsu.