3.2 Hoton Rayuwar Yau da Kullum a Finafinan Zahiri na Farko a Ƙasar Suwidin

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin duba yadda finafinan zahiri na farko suka nuna rayuwar mutanen ƙananan garuruwa a ƙasar Suwidin, da kuma ko ya dace a ɗauke su a matsayin cikakkiyar shaida ta tarihi.

An fara nuna fim a ƙasar a birnin Malmo a shekarar 1896. A 1907 aka kafa kamfanin Svenska Biografteatern a garin Kristianstad da ke kudancin ƙasar, kuma Charles Magnusson ya karɓi ragamarsa a 1909. Masu ɗaukar hoto na wancan zamani sukan shiga gari su ɗauki dandalin kasuwa da tashar jirgin ƙasa da coci da babban titi, sannan a nuna wa mutanen garin a gidan silima.

Idan aka yi la'akari da wannan tsari, za a fahimci cewa ciniki ne ginshiƙinsa. Mutum yakan biya kuɗi don ya hango kansa ko maƙwabcinsa a allo. Saboda haka mai ɗaukar hoto ya fi neman wurin da jama'a suka taru, shi ya sa ake yawan ganin yara suna tsaye suna ƙura wa kyamara ido.

Haka kuma, kyamarar lokacin tana buƙatar haske mai ƙarfi, ga shi ba ta ɗaukar murya. Wannan ya sa da wuya a ga aikin mata a cikin gida, ko dogon duhun hunturu, ko talaucin da ke cikin dalilan da suka sa fiye da mutum miliyan ɗaya yin ƙaura zuwa Amurka kafin 1930. Ƙari a kan haka, gobarar 1941 a ma'ajiyar kamfanin Svensk Filmindustri ta cinye finafinai da dama.

Duk da haka, bai kamata a yi watsi da su ba. Sutura da kekunan doki da yanayin tafiyar mutane sun shiga hoto ba tare da an shirya ba, kuma a nan darajarsu take. Ra'ayin wannan nazari shi ne, finafinan sun nuna fuskar gari ne kawai, don haka wajibi ne mai bincike ya haɗa su da rubutattun bayanai kafin ya yanke hukunci.