Tattabarar Iri ta Tsere: Me Mai Saye Yake Saye a Kaduna?

Kiwon tattabara tsohon abu ne a gidajen Hausawa. Duk wanda ya tashi a Unguwar Shanu ko Badarawa ko Hayin Banki ya san akurkin da ake kafawa a jikin katanga, wani na tukwane, wani na katako, wani ma na tsoffin jarkoki da aka huda. Ana kiwonta don ’yan shila, ko don a sami abin kai wa kasuwar Kawo ran Talata, wasu kuma don tsohon zancen nan cewa tattabara tana tare wa gida mugun abu. A ’yan shekarun nan samari sun fara kallon tseren tattabaru na Turai da ƙasashen Larabawa a waya, sun ji irin kuɗin da ake zubawa, kasuwa kuwa ta amsa musu. Yanzu mutum zai nuna maka aure ɗaya a keji, ya ce waɗannan na tsere ne, jinin waje, ga zobe a ƙafa, wani lokaci har da takardar asali, sannan ya faɗi kuɗin da zai sayi akurki guda na ’yan gida. Ra’ayina shi ne yawancin irin wannan ciniki asara ne ga mai saye, kuma dalilan suna cikin halin tsuntsuwar kanta.

Tseren tattabara komawa gida ne. Ana ɗaukar tsuntsaye a kwando zuwa wani wuri mai nisa, a sake su lokaci ɗaya, kowace ta nufi ɗakin da ta tashi, sai a raba nisan da lokacin da ta ɗauka a fitar da wadda ta fi sauri. Gidan da ta sani tun tana ’yar wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi, shi ne gidanta. Saboda haka babbar tattabarar tsere da ka saya ba za ta yi maka tsere ba. Ranar da ka sake ta, gidan tsohon mai ita za ta nufa, idan kuwa gidan yana wata ƙasa, ta ɓace ke nan. Masu kiwonmu sun san dabarar fige fiffike ko ɗaure shi har tsuntsuwa ta yi ƙwai ta saba, kuma dabarar tana aiki a kan ’yan gida. A kan ta tsere ta gaske ba ta da tabbas, don an sha ganin wadda ta yi shekara a kulle, aka buɗe mata ƙofa ta kama hanya. Wanda ya sayi babba, to iri ya saya. Kuɗinsa yana kan ’ya’yan da ba a ƙyanƙyashe ba tukuna.

Ka tsaya kusa da masu ciniki ka ga yadda ake duba ta. Mai saye zai riƙe ta a tafin hannu, ƙafafunta tsakanin yatsunsa biyu, ya shafa ƙirjin ya ji tsoka, ya ja fiffike ya baza shi ya ƙirga manyan gashin nan goma, ya buɗe baki ya leƙa maƙogwaro, ya juya kan wajen rana yana kallon ƙwayar ido. Dillali na gefe yana cewa, “Alhaji, dubi idon nan, wannan ko daga Kano ka sake ta sai ta riga ka isowa.” Duban nan yana da amfaninsa: yana nuna lafiya, yana fallasa karyayyen gashi da ƙwarkwata da farin abin da ke taruwa a maƙogwaro. Amma abin da ke sa tsuntsuwa ta gane hanya daga kilomita ɗari biyu, ta ƙi sauka shan ruwa, ta ƙi bin garken da ya karkata, wannan hannu ba ya jin sa, ido ba ya ganin sa. Karatun ƙwayar ido da wasu ke taƙama da shi, har a Turai akwai masu yi, kuma ba a tabbatar da cewa yana nuna gwanar tsere ba.

Sai zobe. Zoben gaskiya rufaffe ne, ba shi da baki. Ana zura shi a ƙafar ɗan shila yana da kamar mako ɗaya, ƙafar ta girma a cikinsa yadda ba zai fita ba. A jikinsa akwai alamar ƙasa da shekara da lamba, na Holan misali da haruffan NL. Zoben da ke da tsaga, wanda ake matsewa da hannu, kowa na iya sa wa kowace tsuntsuwa, don haka ba shaida ba ne. Shi ma rufaffen, iyakar abin da yake faɗa shi ne inda aka fitar da zoben da shekararsa. Kowace shekara ana sa wa dubban ɗaruruwan ’yan shila zobe a Beljiyam da Holan, kuma mafi yawansu ba su taɓa cin komai ba. Takardar asali kuwa mai tsuntsu ne ke rubuta ta. Shi ya sa manyan masu gwanjo a Turai suka koma gwajin ƙwayar halitta don tabbatar da uwa da uba kafin a sayar da mai tsada.

Kula da nasabar tattabara ba Turawa suka fara ba. Al-Jahiz na Basra, wanda ya rasu wajen shekarar 869, ya yi dogon bayani a Kitabul Hayawan kan yadda mutanen zamaninsa ke kiyaye asalin tattabarunsu da tsadar da masu kyau ke yi. Malaman hadisi kuma suna ba da labarin Giyasu bn Ibrahim, wanda ya tarar da Halifa Mahdi yana wasa da tattabaru, ya ƙara tsuntsu cikin hadisin da ya yi maganar kyautar tsere don ya faranta masa. Halifan ya gane ƙarya ce, ya sa aka yanka tsuntsayen. Na kawo wannan ne don mai shiga harkar ya san tana da tarihi a wajenmu, ya kuma nisanta ta da caca, ya tambayi malamai hukuncin kyautar da za a sa.

Tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma wadda ba a cika yi ba, ita ce: me ya sa mai ita yake sayarwa? Mai kiwon da ya dace da auren da ke haifa masa gwanaye ba ya rabuwa da su, don su ne jarinsa. Abin da yake fitarwa shi ne wanda ya gwada bai gamsu ba, ko wanda ya tsufa. Macen da ta doshi shekara takwas zuwa goma yawanci ƙwanta ya fara ja baya, namijin ma ƙwan da ya taka sai ya riƙa fitowa ba ɗa. Irin waɗannan su ne ke bin hannun dillalai, daga wannan zuwa wancan, kowa na ƙara riba da labari, har su iso mana.

Mu dubi cinikin da ya tayar da hankalin duniya. A watan Maris na 2019 an sayar da wani namiji mai suna Armando, na Joël Verschoot ɗan Beljiyam, a kan Yuro miliyan 1.25. A Nuwamban 2020 wata mace mai suna New Kim ta kai Yuro miliyan 1.6. Duka biyun a gwanjon kamfanin PIPA aka yi, kuma ’yan ƙasar Sin ne suka saya don iri. Abin lura, Armando yana da sakamakon tsere a rubuce wanda hukumar wasan ta ƙasarsu ta tabbatar, kowa na iya dubawa. New Kim kuma ta fito kasuwa ne saboda mai ita, Gaston Van de Wouwer, ya tsufa ya ajiye harkar, aka sa tsuntsayensa gaba ɗaya a gwanjo. A irin wannan yanayi, ritaya ko rasuwa ko tashi daga gari, nan ne na kirki ke fita tare da sauran. Wanda ya zo maka da aure ɗaya daga cikin ɗaki cike, ka tabbata ba mafi kyawun ɗakin ya zaɓo maka ba.

Ko da tsuntsuwar ta gaske ce, akwai sauran magana. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a ɗakin tattabara ana ganin akasin haka kullum. Gwani da gwana kan haifi ’ya’ya da yawa kafin a sami ɗaya da ya kama ƙafarsu. Ƙwai biyu take yi, ta kwanta kamar kwana 18, ’yan shila su yi mako huɗu kafin su fara ci da kansu, sai sun kai wata uku zuwa huɗu a fara fita da su horo. Kafin ka san ko auren da ka saya yana da amfani, shekara ta wuce, wataƙila biyu, kana zuba dawa da masara da wake da gyaɗa, a lokacin da mudun hatsi ya zama abin da ya zama.

Sannan ga ƙasar. An tace jinin Beljiyam ne a kan sararinsu mai sanyi, ana sakin tsuntsaye daga Faransa ko Basalona su nufo arewa. A nan akwai hazon hunturu da ke rufe gari daga Disamba zuwa Fabrairu, ga zafin Maris da Afrilu, ga hadarin damina mai tasowa ba sallama, ga shaho. Tsuntsuwar da kakanninta ba su san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai an gwada ’ya’yanta a nan kafin a ce wani abu.

Cuta ma tana shigowa da sabon tsuntsu. Akwai ciwon nan mai murɗe wuya, ɗan’uwan wanda ke share kaji, wanda kan gama da ɗaki cikin ’yan makonni, kuma tsuntsuwa na iya ɗauke da shi tana cin abincinta lafiya ƙalau. Mutanen Kaduna ba sa buƙatar a tuna musu cewa a wata gonar kaji a Jaji aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau’in H5N1 a nahiyar Afirka, a Fabrairun 2006. Duk wanda ya sayi sabuwa ya keɓe ta mako uku zuwa huɗu, ya nemi likitan dabbobi ya yi mata rigakafi. Wadda aka ce daga waje take, ya nemi ganin takardar izinin shigo da ita. Akurkinmu na jikin katanga kuma bai dace da iri ba: a buɗe yake, kowane namiji na unguwa na iya taka macen da ka kashe wa kuɗi, jinin ya gauraye tun a ƙwai na farko. Sai an yi mata ɗaki rufaffe mai iska da wurin shan rana.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ban raina ta ba. ’Yar gida da aka kiwata don nama, ko mai wutsiyar ɗawisu da mai gashin ƙafa da ake ajiyewa don ado, ba za su dawo daga Kano ba komai horo. Jinin tsere dole daga wani wuri zai zo. Masu tsere a Maroko da Senegal da Afirka ta Kudu daga jinin Turai suka fara, suka yi ta tacewa a ƙasarsu har suka sami nasu. Saboda haka sayen iri yana da wurinsa, ga wanda ke da ɗaki mai kyau da haƙurin shekara biyu, wanda ya san mai kiwon da kansa, ya ga sakamakon ’ya’yan tsuntsuwar, ba na kakanta ba. Ya fi kyau ma mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi aure biyu masu shaida su raba ’yan shila, da kowa ya sayi nasa na labari.

Ga mai farawa kuwa, ba a cinikin biri a sama. Ya nemi mai kiwo a nan kusa wanda zai yarda a ɗauki tsuntsayensa a sake su a gaban ido, a dawo a jira su. Idan sun dawo, ya sayi ’yan shila masu mako huɗu zuwa biyar daga wannan ɗakin, don za su ɗauki gidansa gidansu, kuma kuɗin babba ɗaya zai ba shi da dama. Hanyar Zariya ta ishe shi filin gwaji: ya fara daga Rigachikun, sai Maraban Jos, sai Birnin Yero, sai Jaji, har Zariya, kimanin kilomita 80, yana rubuta lokacin saki da na isowar kowace. Waɗanda suka yi ta dawowa da wuri, su ne irinsa.

A Afirka ta Kudu an shahara da tseren da ake tara ’yan shilan mutane daban-daban a ɗaki ɗaya, abinci ɗaya, horo ɗaya, yadda bambancin da zai fito na jini ne kawai. Ina kira ga masu kiwo na Kawo da Malali da Unguwar Dosa da Tudun Wada su yi ƙaramin irin wannan: ɗaki ɗaya, amintaccen mutum ɗaya mai riƙe littafi, saki daga Zariya bayan damina ta ɗauke. Duk mai sayar da iri ya kawo ’ya’yan tsuntsayensa a gwada, sannan a yi maganar kuɗi.